Damo Majemi da Littafin Mesa

Ga ta nan, ga ta nanku.

A zamanin da Zakin hayin teku ke mulkin dajin nan namu, yaransa masu tonon ƙasa suka iske kwal a ƙarƙashin tuddan Udi, a shekarar 1909. Zaki ya yi murna, amma kwal nauyi gare shi, ba a kai shi bakin teku a ka. Sai ya nemi wani lungu a gaɓar kogin Bonny inda manyan jiragen ruwa za su iya tsayawa, ya sa aka sare kurmi, ya raɗa wa wurin sunan wazirinsu mai kula da ƙasashen mallaka a Landan, wato Harcourt. Bakinmu ya mai da shi Fatakwal.

Daga nan ya kira Mesa, wato jirgin ƙasa, ya ce ta kwanta. Ta ajiye kanta a Fatakwal, ta yi ta miƙa jiki. Dabbobin ƙauyuka ne suka share mata makwanci, da yawansu a kan tilas. A 1916 ta kai Inugu. A 1924 ta kai Makurɗi, ta ci gaba ta bi ta Kafanchan har ta sadu da yayarta, wadda kanta ke Ikko, jelarta ta riga ta isa Kano tun 1911. Kogin Binuwai ne kaɗai ya yanke ta, ana tsallakar da taragunta a kan jirgin fito, sai a 1932 aka gama mata gada.

Ku riƙe wannan: duka biyun, kawunansu a bakin teku suke. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga da kuzar Jos, duk abin da suka haɗiya, can suke amayar da shi.

Dabbobin Arewa suka biyo bayan Mesa, kamar yadda kakanninsu suka bi hanyar Gwanja. Wasu da shanu, wasu da albasa da wake da kanwa da busasshen kifi. Inda duk suka yada zango sai a kafa masallaci, a naɗa sarkin Hausawa, mutanen gari su riƙa kiran wurin unguwar Hausa ko Gariki. A Umuahia ake sauke mafi yawan shanun, a kora su kasuwannin kurmi. A Inugu ma akwai turke, kuma Balbela ce mai masauki a can. Ba a sayar da sa ba ta da la'ada a ciki.

Wata shekara Damo ya sauka a gidanta. Majemi ne ɗan majemi, daga bayan Ƙofar Wambai ta Kano. Ya je mahauta da asuba, ya ga fatu jibge, ƙuda na bi, yaran Kura na taya su a wulaƙance. Kura kuwa ba sai an gabatar da ita ba. Ta daɗe a bakin kogi tana sayen manja da ƙwara, a 1929 ta haɗu da babbar kishiyarta suka zama ciki ɗaya, aka riƙa kiran ta UAC. Tana da 'yan uwa irin su John Holt, kowacce da kantinta da sikelinta. Fatun nan shanya su kawai take yi, ta ɗaure, ta loda wa Mesa, a kai Ingila a jeme.

Damo ya ce, "Hajiya, ga arziki yana ruɓa. A ba ni fili a bayan gida."

Aka ba shi. Ya haƙa ramuka uku. A na farko yake jiƙa fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya ɗora ta a kan gungume, ya kama kartaji hannu biyu yana kankarewa daga wuya zuwa gindi. A na biyu ta kwana ta yi laushi. A na uku ake zuba dakakkiyar bagaruwa, ya shiga da ƙafa yana tattakawa, yana juyawa safe da yamma, har ruwan ya ratsa ta. In ya yanki gefenta ya ga babu farin layi a tsakiya, ta nuna. Sai a shafe ta da man gyaɗa, a buga, a ja, wadda za a rina a sa mata karan dafi ta fito ja wur. Matarsa da 'ya'yansa suka koyi dukanci. Suna ɗinka takalma da jakunkuna da kube da layu.

Gafiyoyi masu haƙar kwal su ne manyan masu sayensa. Ƙarshen wata in an biya su, sai su cika ƙofar rumfarsa. Ran 18 ga Nuwamba 1949, Gafiyoyin suka zauna a bakin ramin kwarin Iva suna neman haƙƙinsu, 'yan sandan Zaki suka buɗe musu wuta, 21 suka mutu. A cikinsu akwai waɗanda Damo ya auna wa ƙafa, takalmansu na rataye ba a zo karɓa ba. Kwana bakwai bai shiga rami ba.

Da aiki ya yi yawa, Inugu ta yi masa kaɗan. Ƙanensa Kurege, wanda ke dako da 'yar tireda a kwatar Fatakwal, ya aiko masa cewa kasuwa na can. Damo ya ɗaure jemammun fatu da takalma ɗauri huɗu, ya kai tasha.

Hankaka ne akawun awo, da farar rigarsa da baƙin kwat, ga wani littafi mai kauri a gabansa. Aka ɗora kaya a sikeli. Hankaka ya lashi yatsa, ya buɗe shafi, ya faɗi kuɗi. Damo ya ɗauka bai ji daidai ba.

"Malam akawu, sake dubawa dai. Ga ɗanyun fatun Kura can ana lodi, na ji abin da ake biya a kan kowane tan. Nawa bai kai rubu'in tan ba."

Hankaka ya ce, "Malam Damo, ba ni na rubuta ba, karantawa nake yi. Mesa ba nauyi kaɗai take dubawa ba. Kaya aji-aji ne. Kwal da duwatsu da ɗanyen amfanin gona suna ƙasa. Abin da hannu ya taɓa ya gyara, darajarsa ta ƙaru, ajinsa ya hau. Fatarka jiya ɗanya ce, yau takalmi ce."

"To, laifi na yi da na gyara?"

"Saura biyu. Mai cika tarago guda, farashinsa daban da mai ɗauri huɗu. Sannan mai tafiya mai nisa, kowane mil yana zo masa da sauƙi fiye da mai gajeren zango. Kura tarago take kamawa, daga Kano ko Gusau har bakin teku."

Damo ya kwance lalitarsa ya biya. A hanyar gida ya yi ta lissafi. Bagaruwa ba ta fitowa a kurmi, daga Arewa ake aiko masa, ya biya Mesa. Karan dafi, ya biya Mesa. Man gyaɗa, ya biya Mesa. Bayan yaƙin duniya na biyu ma, lokacin da taragu suka yi ƙaranci har buhunan gyaɗa suka taru dala-dala a Kano, sai buhunsa biyu su yi wata da watanni a tasha suna jiran gurbi. Ya gama aiki kuma ya sake biya a aji na sama. Takalmin Ingila kuwa, wanda watakila da fatar mahautar Inugu aka yi shi, a bakin Mesa yake sauka, daga jirgin ruwa sai kantin Kura na Fatakwal.

Ni mai ba ku labarin nan ba zan ce Mesa mugunta ce zalla a cikinta ba. Da bashin Landan aka shimfiɗa ta, kuma Zaki ya ce ita za ta ci da kanta, ta biya ruwan bashin. Mesoshin ƙasashe da yawa haka suke yanka farashi, su ɗora wa kaya mai tsada, su sassauta wa mai araha. Amma a ƙasar da aka tsara ta sayar da ɗanye ta sayi gyararre, wannan littafin ya zama shinge. Duk wanda ya zauna a tsakiyar ƙasa ya ce zai sarrafa abu, kafin ya fara an riga an ci shi tara. Maƙeran Riruwai sun gaji narka kuza tun kaka da kakanni, a zamanin Zaki murahunsu suka mutu, kuza ta koma bin cikin Mesa ɗanya zuwa Fatakwal, a narka ta a Ingila. Ba a ga babbar matoyar kuza a Jos ba sai bayan 1960.

Ana nan, ana nan, Zaki ya tsufa. Yaƙi ya cinye masa ƙarfi, dabbobin daji kuma suka fara ɗaga murya suna cewa a ba su ƙasarsu. A 1952 sai ga sanƙira Zakara yana yawo kasuwa-kasuwa:

"Kuna ji, Zaki na gaishe ku! Duk wanda ya kafa sabuwar masana'anta a ƙasar nan, shi ne majagaba. An yafe masa harajin riba na wasu shekaru!"

Shelar farko ba ta tara jama'a ba, don sharuɗɗanta sun yi tsauri. Aka sake fitowa a 1957, aka ce mai masana'anta zai samu rangwamen kuɗin kwastan a kan kayan aikin da ya shigo da su daga waje. A 1958 aka gyara ta farkon, aka ce hutun haraji zai iya kaiwa shekara biyar, aka kuma yi wata dokar ta tare kayan da ake jibgowa daga waje a karya farashi.

Labari ya isa unguwar Hausawa bayan sallar isha'i. Damo bai yi barci ba. Ya aika aka kira Kurege daga Fatakwal, don shi ya yi yaƙi da jahilci, yana karanta boko. Da safe suka sa rigunan sallah, Damo ya naɗe fata ja guda, mafi kyau a rumfarsa, suka hau tudun sakateriya.

Dila suka tarar, malamin daji, a bayan tebur. Ya karɓe su da mutunci, ya shafa fatar, ya shinshina, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Sa'an nan ya jawo takarda.

"Sunan kamfani?"

"Ranka ya daɗe, Damo dai ake ce mini. Ni da iyalina ne, da yara shida."

"Dokar ba ta san Damo ba, kamfani mai rajista ta sani. Nawa ka kashe a gini da injuna?"

"Ramuka ne, ranka ya daɗe, yanzu sun kai tara. Da kartaji, da turmi, da basilla."

"Mafi ƙaranci fam dubu biyar. Wannan ma hutun shekara biyu yake sayowa. Mai son shekara biyar cif, sai ya zuba fam dubu ɗari."

Kurege ya dubi yayansa. Damo ya gyara zama ya ce, "To, a bar wannan. Harajin da nake biya duk shekara fa?"

"Wancan harajin kanka ne. Na ribar kamfani ake yafewa."

"An ce akwai rangwame a kan kayan aiki. Bagaruwata da karan dafi suna cinye mini rabin riba kafin su iso."

"Daga wace ƙasa kake shigo da su?"

"Daga Kano."

Dila ya ajiye alƙalami. "Malam Damo, abin da ya fito daga Kano ba ya biyan kwastan, don haka babu abin da zan yafe maka. Da daga Ingila kake sayen maganin jima, da na samo maka rangwame."

"Ranka ya daɗe, ba kwastan ke ci na ba. Mesa ce. A sauko mini da aji ɗaya a littafinta, ba na neman komai bayan haka."

"Wannan littafin ba namu ba ne. Tun 1955 Mesa hukumar kanta gare ta, can Ikko."

Suka sauko tudu ba mai magana. Sai da suka kai gindin wata bishiyar mangwaro Kurege ya ce, "Yaya, rigar nan da aka ce kyauta ce ga kowa, a jikin Kura aka gwada ta kafin a ɗinka."

Damo sarkin haƙuri ne, bai karaya ba. Ya tara manyan unguwa a zauren Balbela, aka shimfiɗa tabarma, aka ce kowa ya kawo abin da yake da shi a yi kamfani. Mahauta suka kawo, masu albasa suka kawo, mata suka fasa asusu, aka haɗa da kuɗin adashi. Aka ƙirga sule-sule har dare ya raba, bai kama ƙafar fam dubu biyar ba. Balbela tana da dukiya, amma dukiyarta na tafiya da ƙafa huɗu, rabi kuma bashi ne a hannun mahauta, banki ba ya karɓar irin wannan jingina. A shekarun nan fa ɗan Arewa ne magajin garin Inugu, Umaru Altine, Basakkwace mai fataucin shanu, wanda mutanen gari suka zaɓa da ƙuri'arsu. Unguwa tana alfahari da shi. Sai dai majalisar gari kasuwa da kwata da fitilun titi take riƙe da su. Littafin Mesa da takardar majagaba suna can sama da ita.

Kura kuwa ta daɗe tana cewa ƙasar nan ba ta dace da masana'anta ba. Me ya sauya mata ra'ayi? Wasu kuraye ne suka fara shigowa da kaya masu araha daga Japan da Indiya da sauran wurare, suna cin kasuwarta. Ta lissafa ta ga in ta kafa inji a cikin gida, Zaki ya ɗaga katangar kwastan a bayanta, abokan hamayya sun tsaya a waje ke nan. Ita da 'yan uwanta suka shiga gini, wasu da takardar majagaba, wasu da kuɗin gwamnati, wasu da katangar kawai. Masana'antar taba ta tashi a Fatakwal a 1956, ta giya a Aba a 1957. Yawancinsu kusa da bakin Mesa suka zauna, inda inji da kayan haɗi ke sauka daga jirgin ruwa ba tare da doguwar tafiya ba. Waɗanda suka shiga cikin ƙasa, irin simintin Nkalagu da masaƙar Kaduna, duka a 1957, sai da gwamnatoci suka sa hannu a aljihu.

Gaskiya ɗaya ce, simintin Nkalagu ya gina gidaje da makarantu, kuma dubban dabbobi sun sami albashi. Kurege kansa ya ajiye dako ya zama mai gadi a ƙofar wata masana'anta a Fatakwal, da kulki da tocila. Ba wannan nake ƙi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, a duk faɗin dajin nan akwai masu jima da saƙa da rini da ƙira da suka riga Zaki zuwa da ɗaruruwan shekaru, amma da aka tashi neman majagaba, ba a ƙirga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai wani tsohon Jaki a Anacha, abokin mahaifin Damo, bafatake ne tun kafin a haifi Mesa. Damo ya hau bayan Jimina, wato motar lodi, ya je gaishe shi. Ya same shi a unguwar Hausawa kusa da bakin Kwara, yana zaune a kan buhun kanwa.

"Baba, na gaji."

"Sannu, ɗana. Dubi garin nan da kyau. Ka ga Mesa?"

"Babu."

"Ba ta taɓa biyowa ta nan ba, kuma ka ga kasuwar da ta fi wannan? Manyan jiragen kogi na Kada ne, shi kuwa ɗan ɗakin Kura ne, kada ka je. Amma ga kwalekwalen Nufawa da Kakanda suna saukowa daga Lakwaja, su ba su da littafi, ciniki ake yi baki da baki. Ga Jiminu. Zaki ya tsane su tun suna 'yan tsaki. Shekarun baya har ninka musu kuɗin lasin ya yi a hanyoyin da ke gefen Mesa, don kada su ƙwace mata lodi, sai da suka yi yajin aiki a 1937. Yanzu sun fi ƙarfin a hana su."

Daga ranar Damo ya raba ƙafa. Bagaruwarsa ta riƙa zuwa ta ruwa in kogi ya cika, takalmansa na bin Jimina zuwa Anacha, daga nan a tsallaka da su Asaba a jirgin fito, don ba a gama gadar Kwara ba sai 1965. Ya samu ya numfasa. Amma kwalekwale ba ya cika alkawarin rana, Jimina takan kwana uku a taɓo da damina, kuma rumfunan Anacha sun cika da takalman roba masu araha. Gafiyoyinsa ma suka ragu, don Mesa ta fara shan man dizal ta rage cin kwal, aka sallami da yawansu daga rami. Ramukan jima tara suka koma biyar.

A 1960 Zaki ya naɗe tutarsa ya hau jirgi. Aka yi kiɗa a Inugu kwana da kwanaki. Da ƙura ta lafa, Damo ya sa Kurege ya nemo masa takardar dokar. A bangonta an cire hoton Zaki, an sa dawakai biyu da gaggafa. Kurege ya bi layi da yatsa har ya iso wurin, ya karanta: fam dubu biyar.

Ba a jima ba sai ga wata doguwar mota a ƙofar gidan Balbela. Gizo ne ya fito, da babbar riga 'yar Dikwa da agogon zinariya. Kura ta ga zamani ya juya, ana son a ga ɗan ƙasa a teburin shugabanni, ta ba shi kujerar darakta. Ya tsaya nesa da ramuka, ya toshe hanci da hankici.

"Malam Damo, alheri na kawo maka. Za mu buɗe babbar majema da injuna, takardarmu ta fito. Injin ya iya jima, amma bai san fatar kirki ba. An ce duk Gabas babu mai idonka. Ka rufe ramukan nan, ka zo ka riƙa zaɓar mana fata. Albashi duk wata, da ɗaki."

Damo ya fito daga rami, ruwan bagaruwa na zuba daga ƙafafunsa. Ya ce, "Alhaji, na gode. Amma in na zo, yaran nan shida wa zai koya musu? Ni abin da na roƙa tun farko ƙarami ne. A sauko mini da aji ɗaya, a bar ni in yi gasa da ku."

Gizo ya ce wannan ba a hannunsa yake ba. Ya juya zai shiga mota, sai ya hangi babban ɗan Damo a gindin gungume, ya ɗaga wata fata yana duba ta a hasken rana, yana bin tabon kaska da na wuƙa da ɗan yatsa. Gizo ya tsaya ya kalle shi. Ya tambayi Balbela sunan yaron, da ko yana da iyali. Ta ce an sa masa rana, kuɗin sadaki ake nema.

Bayan sallar magariba yaron ya zo ya durƙusa a gaban mahaifinsa, ya daɗe bai ce komai ba. Damo ya riga ya gane. Ya shiga ɗaki ya ɗauko kartajin da ya zo da shi daga Kano, ya miƙa masa. Yaron ya ce, "Baba, an ce can ba a aiki da shi." Damo ya mayar da shi ɗaki, ya fito ya sa masa albarka, ya ba shi kuɗin tikiti. Da asuba Kurege ya raka shi tasha, suka shiga Mesa mai zuwa Fatakwal, a tarago mai aji na uku.

Ƙurunƙus kan kusu.